Kwali a Ƙarƙashin Volga

A Goris, inda duwatsu suka yi cirko-cirko kamar haƙoran kura,
mahaifina Gurgen yana da Volga
wadda ta girme ni da shekara tara.
Idonsa ya tafi bara waccan. Motar tana nan.

Da daddare ya ce, "Shushanik, shimfiɗa mata kwali."
Na tura kwalin tuffa ƙarƙashinta,
na danne shi da duwatsu huɗu.
Da safe na jawo, na karanta masa
kamar wasiƙar yayana daga Rasha:
ɗigo uku baƙaƙe, ta baya, wajen hagu,
ɗaya kore can gaba, bai fi ƙwayar wake ba.

Ya dangwala yatsa, ya murza, ya kai hanci.
"Baƙin na inji ne. Koren ruwan lagireto,
zaƙi gare shi, kori kyanwa kada ta lasa."

Hrachik maƙwabci ya leƙo ta kan shinge,
sigari na rawa a leɓensa:
"Gaskit ya ƙone! Sai an sauke kan inji!"
Baba bai ko juya ba.
"Buɗe murfin mai. Akwai fari kamar kindirmo?"
Babu.
"Salansa fa, tana farin hayaƙi?"
Na sanyin safiya ne, ya watse.
"To, Hrachik ya koma ga sigarinsa."

Na wanke injin da kananzir har hannuna ya yi kaushi,
na saci garin da inna ke gasa gurasa,
na barbaɗa masa, ya yi furfura.
Muka tayar. Muka jira.
Sai ga baƙin layi siriri yana ratsa farin.
"Bi shi sama," in ji Baba,
"mai ba ya hawa tudu.
Inda kika gan shi, ba nan aka haife shi ba."
Na bi, na bi, har lungun murfin sama,
inda tsohon gaskit ya bushe ya tsage
kamar diddigen manomi.

Saura zafi.
Muka hau hanyar Sisian, ni a sitiyari,
shi yana tuƙi da kunne.
A kwana ta shida allura ta fara lallaɓawa wajen ja.
Tsakiyar Yuli ce, ya ce in kunna hita,
ta shanye wa injin zafi, mu ta dafa mu.
Na tsaya gefen wata mai tallar zuma.
Hannuna ya nufi murfin lagireto,
nasa ya riga ni, ya damƙe min wuya.
Ya ɗora yatsuna a kan tabon da ke damtsensa,
mai santsi, mai faɗin tafi.
Bai ce komai ba. Muka zauna har ta huce.

Ruwa ba ya tsami banza.
Fanbel ya saki, yatsa biyu ke shiga.
Kilif ɗin tiyo ya ci tsatsa, nan koren ke tsiyaya.
Fuskar lagireto kuwa ta toshe ƙam
da audugar itatuwan bakin titi da gawar ƙudan zuma,
iska ta zo, ta yi sallama, ta koma.
Mai zumar ta ara min tsinke da butar ruwa,
tana ƙirga mamatanta tana tsaki.

Kwana uku ina ƙarƙashinta da sifana.
Daren na huɗu na sake shimfiɗa kwali.
Da safe, ɗigo ɗaya.
Ɗaya tak, baƙi, yana kallona.
Na ji kamar in yi kuka.

Baba ya shafa, ya sansana, ya yi dariya har da tari.
"Bar mata wannan.
Ran da tsohuwar nan ta daina ɗiga gaba ɗaya,
ki duba da sauri, mai ne ya ƙare."